Jinin Tela

Shagonta yana ƙarshen layin masu gyaran waya, tsakanin mai aski da wani ɗakin ajiya da ba a taɓa ganin ƙofarsa a buɗe ba. Keke biyu ne a ciki, na ƙafa da na wuta, sai teburin yanka da benci guda. Kayan makaranta take ɗinkawa, ta rage wando, ta sa zif, ta juya wuyan riga. Mutanen layi Tela suke ce mata, a unguwa kuwa Maman Yaya. In ka kai ɗinki za ta gwada ka, ta ce ka dawo ran kaza, in ka dawo ka tarar da shi a goge a ninke. Ba ta faɗa, ba ta hira. Mai askin yakan ce shekara da shekaru suna maƙwabtaka, har yau bai san kalar haƙoranta ba.

Da can ba haka take ba. Tana budurwa ƙafar kekenta ta karye, ta kai wa wani mai walda a bakin titi. Aikin da bai fi na shan ruwa ba ya yi ta ja mata rai, yau babu wuta, gobe ƙarfen bai huce ba, har ta gane inda ya dosa. Ta ce masa in dai ƙafar keke ɗaya ta gagare shi, da me zai riƙe gida? Dariyar da suka yi ran nan ita ce ta kai su aure.

Haihuwar fari ta zo mata da sauƙi, a wani ƙaramin asibitin unguwa mai gado huɗu. Mace ce, jibgegiya, mai ci kamar gara. Da ciki na biyu ya fito, kowa ya shiga tsokanar yarinyar, an kusa yi miki ƙane, kin zama Yaya. Sunan ya bi ta, har malamanta na makaranta da shi suke kiranta.

Na biyun namiji ne. Ya zo lafiya, ya yi kuka, ya kama nono. Kashegari Tela ta ga idonsa ya yi rawaya. Tsofaffi suka ce shawara ce, kowane jariri yana yi, a riƙa shanya shi a hantsi. Aka shanya shi. Kafin a ankara jikinsa duk ya koma kamar gwaiduwar ƙwai, ya daina tsotso, yana wani kuka siriri yana banƙarewa. Suka koma asibitin, aka sa shi ƙarƙashin fitila shuɗiya. Ya rayu. Likitan ya ce shawarar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa, sai haƙuri. In ma an gwada jininta a lokacin, ba wanda ya gaya mata.

Yaron bai taɓa jin magana ba, wuyansa kuma bai tsaya ba. Ubansa ya haɗa masa kujerar ƙarfe mai dogon baya, Tela ta yi mata katifa da ƙyallaye, take ɗaure shi a gefen kekenta. In ta ɗora tafinsa a kan teburin keken ta fara taka, sai ya ji girgizar ya wage baki yana dariya marar sauti. In ta tsaya ya ɓata rai. Mai walda ya sa masa suna Manaja, wai shi ne mai sa ido kada ma'aikaciya ta yi lalaci. Da yamma in ya dawo sai ya cire hula a bakin ƙofa ya ce, “Ranka ya daɗe, an yi ciniki kuwa?”

A shekarun da Manaja ke kan kujerarsa ta sake ɗaukar ciki uku. Haihuwarta ta uku mace ce, kwana ɗaya ta yi a duniya. Aka ce nonon Tela ne ba shi da kyau, surukarta ta yi ta jiƙa mata saiwoyi, ta sha ba musu. Wata maƙwabciya ta ce taka keke ne ke wahalar da abin da ke ciki. Mai walda ya je ya sayo keken wuta. Na huɗun ya zo a kumbure ba rai, ba a ma nuna mata shi ba. Na biyar ya daina motsi a wata na bakwai. Daga nan mutane suka daina neman dalili, suka ce wabi take yi. Mata masu ciki suka rage zama a bencinta, in sun kawo ɗinki daga bakin ƙofa suke miƙowa. Tela ta lura, ta ci gaba da ɗinkinta.

Manaja yana da shekara tara ciwon ƙirji ya ɗauke shi. An yi zaton za ta haukace. Ba ta yi kuka ba. Da masu gaisuwa suka watse ta buɗe shago, don lokacin komawa makaranta ne, kayan mutane sun taru. Kujerar ta ba mai aski, ta ce ya riƙa ɗora yara in zai yi musu aski. Mutumin ya karɓa yana kallonta, ya rasa ko godiya zai yi ko gaisuwa.

Yaya ta tashi ita kaɗai, da suna irin na mai ƙanne. Kanta yana ja. Da ta gama sakandare ta samu makarantar koyon aikin gwaje-gwajen asibiti. Tela ce ta ɗinka mata farar riga, ƙawayenta suka gani suka kawo nasu. A gida Yaya ba ta da zance sai na jini. Tana cin abinci tana bayanin rukuni-rukuni, wane ya ba wane, wane in ya karɓi na wane sai gawa. Uban yakan ce shi nasa ba sai an gwada ba, rabinsa tartsatsi ne rabi hayaƙi. Tela tana jin su tana warware zare.

A shekarar ƙarshe aka tura Yaya koyon aiki a ɗakin ajiyar jini na babban asibiti. Ba ta daɗe da farawa ba wata ƙofar ƙarfe da ubanta ke kafawa ta kuɓuce ta faɗo masa a cinya. Ƙashi ya karye. Likitoci suka ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, a tanadi jini leda biyu. Ƙanensa ya ba da ɗaya, ya fito yana tangaɗi yana cewa an tatse shi. Yaya ta so ta bayar, aka ce nauyinta bai kai ba. Tela ta naɗe hannun rigarta ta ce a ɗebi nata.

Ɗakin ajiyar jinin sanyi ƙalau. Manyan firij ne jere a bango suna ƙugi, ta gilashinsu kana hango ledojin jini a kwance kamar hanta. Shugabar wurin wata doguwar mata ce mai tabarau, ɗalibai suna ce mata Madam Firij a bayan ido, don ba ta wuce minti biyar ba ta ce wa ya bar firij a buɗe ba.

“Mamanki ce?” ta tambayi Yaya. “To, ke za ki gwada ta. In kika yi kuskure a gabanta zan yi miki tsawa.”

Yaya ta goge yatsar uwarta da auduga, ta soka. Fatar ta yi kanta saboda allurar ɗinki, sai da ta sake sokawa kafin jini ya fito. Ta ɗiga shi wuri uku a kan wani farin faranti. Ta ɗauko kwalabe uku ƙanana, ta zuba wa na farko ruwa shuɗi, na biyu rawaya, na uku fari, ta gauraya kowanne da tsinke tana karkata farantin.

“Kin gani, Mama, in ya dunƙule to akwai abin a jininki. Na farko bai yi ba, na biyu bai yi ba, ke O ce ke nan. Na ukun nan kuwa kusan na kowa yana…”

Ta ci gaba da karkata farantin. Ɗigo na ukun yana nan sumul kamar yadda aka zuba shi. Ta ajiye, ta ɗauko wani farantin, ta sake matsa yatsar.

Madam ta leƙo ta saman tabarau. “Negetib ce, babu abin a jininta. Babanki fa?”

“Fozitib,” in ji Yaya, da ƙyar.

“Ke fa?”

“Ni ma.”

Madam ta jawo kujera ta zauna daf da Tela. Muryarta ta sauka.

“Maman Yaya, haihuwa nawa kika yi?”

“Biyar.”

“Nawa ne a raye?”

Tela ta nuna Yaya da haɓa.

“Sauran, suna yin rawaya?”

“Biyu sun yi. Biyu ban gan su ba.”

Madam ta ce a ɗebi jinin Tela a ɗan bututu, a ɗauko na maigidan da ke ajiye, ta gaya wa wata ma'aikaciya abin da za ta yi da su. Sannan ta ce wa Tela irin jininta wuya gare shi, sukan yi sati suna nema ba su samu ba. In ta yarda za su ɗebi leda guda su ajiye wa mai irinsa, shi kuma maigida a ba shi daga firij. Tela ta ce to. Ta kwanta a gadon da aka nuna mata, aka ɗaure mata damtse, aka ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Tana kallon jinin yana bin siririyar roba yana sauka cikin leda. Yaya ta fita, ba wanda ya hana ta.

Bayan an cire allura an ba ta lemo, Madam ta kira ta wajen na'urar duba ƙwayoyi.

“Rufe ido ɗaya. Ruwan jininki ne muka haɗa da ƙwayoyin jinin maigidanki. Me kika gani?”

Tela ta sunkuya. Da farko haske kawai ta gani, sai wasu jajayen abubuwa cure-cure.

“Kamar madarar da ta tsinke.”

“To haka yake.”

Madam ta yi mata bayani a hankali, kamar mai ba yaro magani. Akwai wani abu a jikin ƙwayar jini da yawancin mutane ke da shi, ita ba ta da shi. Mijinta yana da shi, ’ya’yansu suka gado. Ranar haihuwar fari ɗan jinin jaririyar ya shiga nata, jikinta ya ga baƙon abu ya ɗaura masa yaƙi. Ta farin ta riga ta fito, ta tsira. Duk wanda ya biyo baya, tun yana ciki jinin uwarsa ke farfasa nasa. Rawayar nan daga nan take. Da an gwada ta, an yi mata wata allura cikin kwana uku da haihuwar farko, da jikin bai koyi yaƙin ba.

“Allura ɗaya?”

“Ɗaya. Sai kuma a maimaita bayan kowace haihuwa.”

“A lokacin akwai ta?”

Madam ta cire tabarau ta goge. “Akwai. A manyan asibitoci.”

“Ba nonona ba ne ke nan.”

“Nononki lafiyarsa ƙalau.”

“Keken fa?”

“Wane keke?”

“A’a, ba komai.”

Tela ta tsaya ta saurari kanta. Ta yi zaton wani abu zai taso mata, ko kuka ko ashar, ko ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Babu abin da ya zo. Firij suna ƙuginsu. Inda aka soka mata allura yana ɗan zafi. Idonta ya sauka kan aljihun rigar Madam, ta ga ɗinkin ya warware a gefe, biro yana leƙowa.

“Ki ba Yaya rigar nan ta kawo mini,” ta ce. “Aljihun zai zubar miki da kaya.”

A baranda ta sami Yaya zaune a ƙasa bayan wata tukunyar fure, ta cusa kai cikin gwiwa.

“Mama, ni ce. Jinina ne. Mun karanta shi, na ci jarrabawa a kansa, ban taɓa kawowa mu ne ba. Ni na kashe su, har da Manaja.”

“Da wane hannun?”

“Mama…”

“Ranar da kike magana a kai, ko wuyanki ba ki iya riƙewa. Tashi, ƙasan nan da datti, farar riga ce a jikinki.”

Yaya ta ɗago ta dube ta, irin duban wanda ya miƙa hannu aka bar shi a miƙe. Tela ta ga duban, ta san me yarinyar ke nema. Ta laluba ba ta same shi ba. Sai ta kakkaɓe mata bayan riga, ta gyara mata wuya, ta ce ta koma kada Madam ta yi faɗa.

An yi wa mai walda aiki lafiya. Sai da ya fara zama yana cin abinci da kansa sannan ta gaya masa. Da rana ne, ɗakin cike da masu dubiya, wani a gadon gefe yana sauraron ƙwallo a rediyo. Ta faɗa masa yadda aka faɗa mata, ba ƙari ba ragi. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa da ke rataye.

“Wato nawa da naki ne ba sa shiri.”

“Haka suka ce.”

“Mu da ko faɗa ba mu iya ba.”

Ya so ya yi dariya, abin ya ƙi. Ya juya fuska bango, kafaɗunsa suka shiga rawa. Mutumin da ƙofar ƙarfe ta danne bai yi ihu ba, ga shi yana kuka kamar yaro. Tela ta ja labule ta kare shi daga idon mutane, ta gyara masa matashi, ta rufe kwanon abincin don ƙuda. Ta zauna ta jira ya gama.

Surukarta ta riga ta rasu. Maƙwabciyar da ta ce keke ne ta tashi daga unguwar tuntuni. Ƙaramin asibitin ma an rushe shi an yi gidan mai. Ƙanen mijin ya ce a baza labarin, duk wanda ya taɓa cewa wabi ya ji kunya. Tela ta ce wa za a gaya wa, kuma a ce masa me.

Yaya ta yi makonni tana kewaye uwarta. Ta fita da sassafe, ta dawo ta shige ɗaki. Wata Asabar sai ga ta a shago, ta zauna a benci tana tsinke zaren da ya saura a jikin wanduna, aikin da take yi tun tana ƙarama. Can ta ce,

“Mama, ba kya jin haushi?”

“Na wa?”

“Na kowa. Na likitan nan. Nawa.”

Tela ta tsayar da keke. Ta ɗauki tambayar da gaske, ta juya ta.

“Na duba, Yaya. Wallahi na duba. Kin san in kika daɗe zaune kan ƙafa, kika tashi, ko an tsunkule ki ba kya ji? To haka. Ba ɓoye miki nake ba.”

“Jin zai dawo?”

“Oho. Miƙo mini almakashi.”

Yaya ta miƙa mata. Ba ta tafi ba sai da suka rufe shago tare, ta riƙe mata jaka har gida.

Ta gama karatu da sakamako mai kyau, aka ɗauke ta aiki a wani gari. Takan kira ta ce duk mai cikin da ta zo hannunta ba ta barin ta sai ta san rukunin jininta, har ana ce mata mai naci. Mai walda ya warke da ɗingishi, yanzu a zaune yake aiki, ƙananan abubuwa, murhu da ƙafar kujera. Idon Tela ya fara gajiya, sai da tabarau take zura zare.

Ɗakin jini suna da lambarta. In wata uku ko huɗu ta wuce sai waya ta yi ƙara, Madam ce, Maman Yaya, muna da mai irin naki. Sai ta kashe keke, ta ce wa mai aski ya duba mata shago, ta hau mota. Ba ta taɓa tambayar wa za a ba ba.

Wata rana ta fito daga ɗakin da auduga a hannu, wani mutum ya biyo ta da gudu, takalminsa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Matashi ne, da rigar masu gadi. Wata ma'aikaciya ce ta nuna masa ita. Ya durƙusa a tsakiyar hanya, mutane suna kewaye shi.

“Mama, ke ce? Matata ce. Ta haihu jini ya ɓalle, sun ce irin nata babu, na kira duk wanda na sani. Mama, ban san me zan ce miki ba. Allah ya saka, Allah ya raya miki zuri'a.”

“Amin. Tashi, kana tare hanya.”

“Ki zo ki ga jaririn, don Allah. Nan sama ne, ba nisa. Namiji ne, ƙato.”

Ta kalli matakalar da ya nuna. Wata nas tana saukowa da tire a hannu.

“Na bar shago a buɗe,” ta ce. “Ka gaishe ta. Ka ce su duba yaron da kyau, ka matsa musu, kada ka ji kunyar kowa.”

Ya bi ta har bakin ƙofar asibiti yana addu'a, ya tsayar mata da mota, ya buɗe mata ƙofa. Ta samu wuri a gefen taga. Rana ta buɗe sosai, motar tana tafe tana tsayawa, kwandasta yana kiran unguwanni. Ta ɗaga audugar ta ga jinin ya tsaya, ta dunƙule ta a hannu don ba inda za ta yar. Ba ta san lokacin da barci ya ɗauke ta ba. Da ta farka an wuce layinsu da nisa, ta sauka ta tako da ƙafa. Ta tarar da wata mata a benci da yara biyu da ledar yadi, tana ta duba agogo. Tela ta ba ta haƙuri, ta rataya tef a wuya, ta ce babban ya matso ya ɗaga hannu.